Ƙafafun Kaska

Malaminmu na bayoloji bai taɓa riƙe wani abu mai rai a gabanmu ba. Shekara biyu yana koya mana ilimin halittu, amma ko ganyen zogale ban taɓa gani a hannunsa ba. Kayan aikinsa alli ne, sai wani tsohon littafin rubutu da bangonsa ya cinye, wanda aka ce tun yana ɗalibi ya kwafe shi. Kullum cikin farar shadda mai karin guga, da hankicin da yake kai wa hanci idan ya biyo ta layinmu, mu yaran ƙauye. Na raina mutumin nan tun a lokacin, kuma shekaru ba su rage min komai ba.

Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, mu kuma muna ajin ƙarshe a wata makarantar kwana a bayan gari. Muna da ɗakin gwaje-gwaje, har da sunansa da jan fenti a saman ƙofa, da kwaɗo kamar na rumbu. Ta taga muke leƙa dogayen tebura da famfunan da ba su san ruwa ba. Ana buɗe shi ne ranar da manya za su zo duba makaranta, mu share kashin jemagu, mu fita, a mayar da kwaɗo.

Ni ba don sha'awar boko kawai nake zaune a wurin ba. Mahaifina, da muke kira Baffa, makiyayi ne a wajen Buji, kuma da ƙyar ya cire ni daga kiwo, 'yan'uwansa suna ta yi masa surutu. Burinsa ɗaya ne, in zama malamin dabbobi, in riƙa yi wa shanunmu allura da hannuna. Makarantar da ake koyon wannan aiki kuwa ba ta karɓar mutum sai da kiredit a bayoloji. Ya gaya min tun farko cewa sau ɗaya zan zauna jarrabawar, in ban samu ba, sandata tana nan a jingine.

Da jarrabawar firaktikal ta matso, wadda ake ajiye wa ɗalibi abu a gabansa ya duba ya zana, shirinmu bai wuce kwafe allo ba. Malam ya zana kifi, mu zana kifinsa. Ya zana kwaɗon ruwa, mu zana. "Abin da ke allo shi ke cikin jarrabawa," in ji shi. Saura mako biyu sai takardar sirri ta iso makaranta, ɗauke da jerin abubuwan da za a tanada. Sirri ne, amma tunda mai sirrin ba ya iya taɓa kyankyaso, dole ya raba mana aiki. Wannan ya kamo fara, wancan ya tono gyaɗa da saiwarta. Ni kuma ya nuno ni da alli.

"Kai, ɗan Fulani. Je ka gida ka ciro min kaska, manya-manya, yadda kowa zai samu."

Na hau motar haya na tafi. Baffa ya ji daɗin aiken nan har ya tashi da kansa ya riƙe min saniya. Muka bi kunnuwa da hantsa da ƙarƙashin wutsiya muna cirewa. Yana dariya yana cewa, "Ashe boko ma ta san da zaman kaska." Muka cika wata kwalbar magani.

Da na kawo, Malam ko kallonta bai yi ba. Ya ce in ajiye a kan taga, can nesa. Ya juya allo ya zana wani abu kamar ƙwayar wake, ya sa masa ƙafa uku a dama, uku a hagu, ya rubuta cewa kaska dangin fara da kyankyaso ce. Na ɗaga hannu.

"Malam, ai takwas ne ƙafafunta."

Ya juyo a hankali. "Me ka ce?"

"Takwas ne, Malam, kamar na gizo-gizo. Ga kwalbar nan, a duba."

Taku uku ne tsakaninsa da tagar. Bai yi ko ɗaya ba. Ya kalli aji ya ce, "Ku ji min ɗan ruga zai koya min aikina. Kai, wanda zai duba takardarka ba saniya ba ce, kuma ba zai je ya tambayi tsohonka ba. Fita ka durƙusa." Ajin ya kwashe da dariya, har da waɗanda suka tashi suna cire wa awakin gidansu kaska. Daga ranar sunana ya koma Takwas.

Ranar jarrabawa aka cire kwaɗon. Karon farko ke nan da muka zauna a teburan nan. A gaban kowa an jera murafen kwalba, kowanne da abin da ke cikinsa, sai gilashin ƙara girman abu guda ɗaya ga kowane layi. Takardar ta ce a duba kaska da kyau, a zana abin da aka gani, a faɗi danginta da dalili, a kawo bambancinta da fara. Na kusa da ni ya miƙo min gilashin ba tare da ya leƙa ba, ya riga ya gama zanen allo daga ka.

Na ɗora gilashin. Babbar kaska ce mai zane a baya, irin wadda muka ciro daga hantsar farar saniyarmu. Na ƙirga, takwas. Na juya ta da bakin fensir na sake ƙirgawa, takwas. Na zana ta yadda take, da kyau, har gaɓoɓin ƙafafun.

Sai na ɗaga kai na ga Malam a bakin ƙofa, hankici a hanci, yana kallona. Nan zuciyata ta fara yi min wayo. Mutum mai digiri fa. Aji guda fa. Wataƙila biyun gaban nan a boko ba ƙafa ake ce musu ba. Wataƙila mai duba takardar ma irin littafin Malam ne a hannunsa. Na ɗauki magogi na goge ƙafa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, na goge sosai har takardar ta yi laushi. Sauran amsoshin duk suka bi zanen, na mayar da ita 'yar'uwar fara.

Da sakamako ya fito, ban samu kiredit ba, kamar yawancin ajin. Malam ya ce masu duba takardu ne ba sa ƙaunar yaranmu. Daga baya na ji an yi masa ƙarin girma, ya koma cikin masu zagayen duba makarantu. Ina jin har yau bai san ƙafafun kaska ba, kuma ba abin da ya rage masa. Amma shi bai taɓa gani ba. Ni na gani sau biyu, ta cikin gilashi, na sa hannuna na goge. Idan zan raina shi sau ɗaya, wanda ya riƙe magogin nan ya fi shi cancanta.

Na sami Baffa da safe a garke, ana tatsa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Bai yi faɗa ba. Ya sa hannu a kunnen wani maraƙi, ya ciro kaska, ya ɗora min a tafin hannu.

"Ƙirga."

"Takwas, Baffa."

"Kafin in kai ka makaranta nawa ne?"

"Takwas."

Ya gyaɗa kai, ya koma kan ƙwaryar nono. Sandata tana jingine a inda ya ce, na je na ɗauka.