Eriyar da Na Kwantar

Shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, aiki ya mai da Yayana Gwaram, ya bar ni da Inna a Birnin Kudu. Ƙafafunta sun riga sun gaza, ba ta iya zaman mota. Shi kuwa mai son rediyon oba-oba ne, har lasisi gare shi. Kafin ya tashi ya bar mana rediyo ɗaya don mu riƙa magana, ya kafa mana hasumiyar ƙarfe a bayan ɗaki, ya miƙo mini eriya, sanda guda siririya.

Ya ce, "Ka tsai da ita cak, kanta sama. Duk Juma'a bayan La'asar zan kira."

Na rubuta maganarsa da ajami don kada in manta. Amma da na hau sama na dubi unguwa, sai na ga duk mai talabijin eriyarsa a kwance take, ta nufi Kano. Na ce a raina, mu da muke neman Gwaram ai Gwaram za mu nuna. Na kwantar da ita, na ɗaure tamau.

Ran Juma'a Inna ta sa mayafinta mai kyau, kamar za ta tari baƙo. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Shuuu kawai muke ji, sai can rabin sallama ta ɓullo ta nutse.

Ta ce, "Na Gwaram ɗin nan mura yake yi ne?"

Na ce batir ne. Wata Juma'ar na ce hadari ne. Zuciyata ta raya mini gaskiya, girman kai ya hana ni hawa. Damina ta ɓata hanya, bai samu zuwa ba. Kafin a yanke gero Allah Ya karɓi abarsa, Inna ta rasu.

Na daɗe ina ɗauke da abin. Sai da furfura ta kama mu duka na je Gwaram, na tarar da shi yana alwala, na durƙusa na faɗa masa.

Ya ce, "Ai tun ranar jana'iza na ga eriyar a kwance. Ta gefe take ji, Malam sarkin dabara, ba ta tsini ba."

"Ba ka ce komai ba, Yaya."

"Kukan da kake yi a ranar ya ishe ka." Ya ajiye buta. "Inna dai ta ji sallamata?"

"Rabi. Amma kullum sai ta amsa duka."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira.