Wayar da ta Cije a Ƙarƙashin Labi

Shekarar da aka kai wa rijiyar burtsatse ta Tsibiri wutar sola, ni da wani dattijo mai aikin lantarki muka yi aikin. A ƙarƙashin ƙasa wayar za ta bi, cikin bututun roba. Bututu mai kauri da muke da shi bai isa ba, sai muka ƙaro marar kauri daga Talata Mafara. Dattijon ya ce a sa mai kaurin a ƙarƙashin labi, inda shanu ke takawa. Daga waje girmansu ɗaya, don haka na shafa gam na haɗa su da soket, wato ɗan guntun bututun da ke riƙe bakunan biyu, muka rufe ramin.

Da na zo zura waya, sai ta cije a mahaɗar.

"Ta wane gefe ka faro?" in ji shi.

"Ta marar kaurin, Baba."

"Cikin mai kaurin ya fi ƙunci, bakinshi ne ya tare ta. Koma ta can."

Na zaro wayar, na tsallaka labin na sake zurawa, ta wuce. Tun daga ranar nake fere bakin bututu da wuƙa kafin in haɗa.