Murhun Normat Ota

Gida goma sha huɗu ne suka haɗa tsakar gida ɗaya a lungun nan na Tashkent. Ƙofa ɗaya, famfo ɗaya, inuwa ma ɗaya tak, ta wata tsohuwar bishiyar tut. A gindinta Normat ota, wato baba Normat, ya gina murhunsa tun yana da gashi a ka.

Shekara talatin yana tuƙin bas, amma ba wanda ya san shi da tuƙi, da osh aka san shi. Biki ko suna ko sadakar arba'in, shi ke tsayawa kan ƙatuwar tukunyar nan yana juya shinkafa da karas da naman rago, yana harar duk wanda ya leƙo. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun tafi neman abinci Rasha, sai murhu ya zama abokin hira. Ko ranar da ba girki sai ya share shi.

To, sai yara suka yi yawa, wasansu ya koma bakin titi. Ranar da mota ta kusa taka 'yar wata matar gidan, Sevara, mata suka ce a yi wa yara wurin wasa a ciki, lilo biyu da abin zamiya da yashi. A ina? Ranar garin nan idan ta buɗe, ƙarfe gasa ɗuwawu yake. Dole sai inuwa, inuwa kuwa ga mai ita.

Aka kira taro ranar Lahadi. A gidan nan ba a yanke magana sai babban mazan gidan, wato Normat ota, ya kife kofin shayinsa, kuma kowa ya san ɗan kaɗan ake zuba wa wanda ake girmamawa, don ya daɗe yana neman ƙari. Sevara ce ƙaramar suruka a gidan, ita ke riƙe da buta.

"Ota, maganar lilon nan fa," in ji Bahodir, mai kula da harkokin gidan.

"Muna kanta. 'Yata, ɗan ƙaro. Na taɓa ba ku labarin ranar da birki ya ƙwace min a gangaren kasuwa?"

Ya taɓa. Ya kuma sake. Lahadi uku ana haka, kofi bai kifu ba, sai dai kowa ya sulale neman banɗaki.

A ta huɗu ya miƙa kofi, Sevara ta tsiyaya, ta tsiyaya, har shayi ya zo baki yana rawa. Ta miƙa masa da hannu biyu, kai a sunkuye. Cika wa dattijo kofi ai sallama ce.

"'Yata, hannunki ne ya kufce?"

"Hannuna lafiya lau, ota. Yarinyata ce har yanzu a titi."

Tsohuwa Oysha, wadda ta girme shi da shekara biyu kuma ba ta bari ya manta, ta ce, "Shanye mana, Normat. Bas ɗin nan mun ji labarinsa har mun iya tuƙa shi."

Ya dubi murhu, ya dubi ƙofa. Ya hura shayin ya fi sau goma, ya shanye, ya kife kofi.

"Asabar a yi gayya. Amma wanda ya taɓa min bulo ɗaya, shi zai dafa osh ɗin bikin 'yarsa da kansa."

Shi kaɗai ya kwance murhun. Kowane bulo ya sa masa lamba da alli, ya kwashe su zuwa can bayan ginin inda rana ke yini. Samari na haƙa ramin lilo ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Kai, ku matsa taku biyu. Ƙasar nan shekara arba'in tana shan kitsen rago, santsi gare ta."