Jirgin Baba Bai Sauka a Gonar Kowa Ba

Ina shagona a Funtuwa, ina gyaran injin feshin wani manomi, ƙanwata Rabi ta kira. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na rufe shago, na nufi tashar motar Danja, garinmu. Ban yi kuka a mota ba. Wata gajiya ce ta sauko mini, irin wadda na daɗe ina gani a fuskarsa.

Mahaifinmu, Malam Sada, manomi ne tun tasowarsa. Ciwon suga ne ya raba shi da gona, bayan ya ci masa ƙafar hagu. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, sai ga shi a zaure daga safe har magariba, yana kallon babura suna wucewa da buhunan taki. Ba ya ƙorafi, amma zaman ya fi ciwon cin ransa.

Don in rage masa zaman ne na kai masa wata tsohuwar kwamfuta, da faifan wasa mai araha da na saya a bakin kasuwa. Wasan jirgin yaƙi ne, irin na da mai farfela. Ba wani abin kirki ba ne. Ƙarar jirgin kamar injin markaɗe, yakan tsaya cak in ya ga dama, in wuta ta ɗauke kuma sai a koma farko. Ranar da na kai, cewa ya yi, "Kai Lawal, da furfurata za ka mai da ni yaro?" Ba a daɗe ba Inna ta fara kai ƙarata wajen Rabi, wai na kawo abin da ke sa tuwonta yin sanyi.

Ya koyi tashi, ya koyi juya jirgi a sama da yatsunsa masu kanta. Harbi bai dame shi ba. Ƙasa yake kallo, inda gonaki suke shimfiɗe kore shar. Yakan yi ƙasa da jirgi ya duba, ya ce, "Mai wannan gona yana da ƙoƙari, dubi kunyoyinsa." Na ce masa zane ne kawai, babu mai ita. Ya harare ni ya ce, "Ka taɓa ganin gona babu mai ita?"

Ƙa'idar wasan ita ce, in aka harbi jirginka ya kama hayaƙi, ka sauka a fili mafi kusa, ka tsira, ka wuce mataki na gaba. Fili mafi kusa kuwa kullum gona ce. Baba ba ya sauka. Sai ya ja jirgi yana hayaƙi, yana neman hanya ko fako ko bakin rafi, har ya faɗo ya tarwatse. Na yi bayani har na gaji. Raina yana ɓaci, domin ina son in ga ya ci ko sau ɗaya, shi da ciwo ya ƙwace masa kome. Wata rana na kai hannu zan saukar masa, ya buge hannuna. Ya ce, "Shukar mutum ba hanya ba ce. Gara ni in ƙone." A wannan matakin ya tsaya har ya bar duniya.

Ba a kwamfuta ya koyi haka ba. Muna yara na sha ganinsa ya saɓa kekensa a kafaɗa yana bin iyaka, don kada taya ta taɓa gyaɗar maƙwabci. Mu ma haka yake sa mu zagaye da ƙafa, muna gunaguni a bayansa.

An sallace shi bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, hanyar maƙabarta ta caɓe, ga ta da zagaye mai nisa. Abin da ke tsakaninmu da maƙabarta gonar maƙwabcinmu ce, Malam Bitrus, masararsa ta kai gwiwa. Mu masu ɗauke da makara muka tsaya a bakinta muna haki. Malam Bitrus, da ke biye da mu a baya, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ratsa, don Allah. Malam Sada ya fi masara."

Wallahi na so mu ratsa. Kafaɗata ta mutu, ga shi kowa ni yake kallo domin ni ne babba. Na ce, "Baba Bitrus, mun gode. Amma ka san ba zai yarda ba."

Muka zagaye. Ruwa ya same mu a hanya, muka isa a jiƙe, taɓo har ƙauri. A nan ne na yi kukan da ban yi a mota ba. Ko tushe ɗaya ba mu taka ba.

Allah ya jiƙan Malam Sada, ya gafarta masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Inna haƙurin zaman gida babu shi, ya dafa wa Rabi da ƙannenmu. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu ƙarfin zagaye a ranar da muka gaji.