Gwiwar Kawu Sannu-Sannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda duk unguwa ke kira Sannu-Sannu, rasuwa ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi.

Ba zan ɓoye inda labarin ya same ni ba, don ko na ɓoye, masu shagunan bakin gada sun riga sun baza shi. Ya same ni kwance a cikin lambatu, keken guragu a kife a kaina, taya ɗaya na ta juyawa a sama. Ni ba gurgu ba ne. Ƙafafuna lafiyarsu lau, kaina ne dai ake shakka a kansa tun ina yaro. Na zauna a keken ne a saman gangarar gadar don in gwada birki, na kuwa tabbatar birkin yana ci, ni ne ban san inda ake ja ba. Ina nan ina laluben haƙorana da harshe sai waya ta yi ƙara a aljihu. Uwar 'ya'yana ce. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Ka dawo gida. Kawu ya cika."

Kawu, da kana nan da sai ka yi dariya har hularka ta faɗi, sannan ka fara duba lafiyar keken kafin tawa.

Ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare ni da makaranta muka rabu, kowa ya yafe wa kowa, na kama gyaran fanka. 'Ya'yana da suka yi karatu sun ce in bari su rubuta wannan ta'aziyya kada in kunyata gida. Na ce a'a. Su sun san haruffa, ni na san mutumin.

Ga wanda bai san ka ba, direban bas ne kai na cikin gari har ka yi ritaya. Sunan nan a bakin fasinjoji ka same shi, domin ba ka taɓa tayar da mota ba sai tsohuwar ƙarshe ta zauna ta gyara zaninta. A yi ta buga jikin mota ana cewa an makara, kai kuwa idonka na kan madubi, kana cewa, "Sannu-sannu, ofis ɗin ba zai gudu ba."

Yawon tsofaffi kuwa, da wautata ya fara. Wata shekara tsohuwata ta zo daga ƙauye da ƙawayenta, na ɗaura niyyar nuna musu birni, su san ɗansu ya waye. Na jera musu gidan tarihi, gidan namun daji, babbar kasuwa da dogon benen nan mai matakala, duk a wuni guda. Ina gaba ina zuba bayani, suna baya suna haki. Kafin azahar tsohuwata ta zauna a gefen titi, ta tuɓe takalmanta ta ce, "Ɗan nan, in kashe mu ka kawo mu yi, ka faɗa mana mu fara kalmar shahada." Kai ka zo da motar aro ka kwashe mu. A hanya ka tambaye ni me suka gani, na shiga jero maka wurare. Ka ce, "Ƙeyarka kaɗai suka gani."

Da mako ya zagayo ka fita da su da kanka. Wuri biyu kacal kuka je. Har ta koma ga Allah, tsohuwata ba ta daina ba da labarin wata bishiya a lambun shaƙatawa ba, da tsuntsayen da suka sauko kusa da ƙafarta. Ni na bi ta gindin bishiyar nan ba adadi, ban taɓa ɗaga kai ba.

Daga nan abin ya zama na kowane wata. Tsofaffin unguwa, da iyayen maƙwabta da suka zo ganin likita ko ganin jikoki, duk ka kwashe. Ni kuma na zama ɗan rakiya, wai don in koyi hankali.

Ba ka taɓa fara shiri da tambayar me za a gani ba. Tambayarka ta farko ita ce ina za a zauna. Sai ina inuwa take a lokacin da za mu isa, ina banɗaki, kuma na tsuguno ne ko na zama, ina za a yi salla ba a hau bene ba. Ka san bencin da rana ke bugawa da safe da wanda ƙusa ta fito a jikinsa. Ka san mai gadin da ke buɗe ƙofar baya ta gidan tarihi, wadda ba ta da matakala, idan an gaishe shi an tambayi iyalinsa. Mai ciwon suga ya ci abinci a kan lokaci, mai hawan jini kada ya tsaya a rana. Wanda ya fi kowa nawa shi kake sawa a gaba kusa da kai, saboda kada wani ya ga bayan mutane suna nisa ya ji ya zama kaya.

Kuma ba ka kai mutane inda ba ka gwada ba. Kafin ranar fita sai mun bi hanyar da keken guragu, ni a zaune kai kana turawa, don ka ce buhun yashi ba ya iya faɗin inda aka girgiza shi. Haka muka ratsa garin nan, ƙato mai 'ya'ya a zaune, tsoho na tura shi. Mata su yi ta cewa, "Allah sarki, ga shi da jiki mai kyau." Kai kuma ka amsa, "Wallahi kuwa, ga ci." Ranar da wata baiwar Allah ta ajiye mini sadaka a cinya, har muka isa gida ba ka iya magana ba don dariya.

Amma abin da ba zan manta ba, Kawu, gwiwarka ce. Ka san tsoho ya gwammace ya faɗi da ya ce ya gaji a gaban sa'o'insa. Saboda haka da ka ga numfashin wani ya canja, ko wata ta fara jan ƙafa, sai ka dafe gwiwa ka ce, "Jama'a, ku yi mini haƙuri, gwiwar nan ta motsa. Mu ɗan zauna." Sai a zauna ana yi maka sannu, wanda ya gaji ɗin ma yana cewa, "Kai Sannu-Sannu, ka tsufa." Kai kuwa ka amsa, "Ai kuwa, Yaya." A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa furta cewa ya gaji. Kai ka riƙa furta musu. Ni na san gwiwar ba abin da ya same ta, don na sha ganin ka hau tsani kana gyaran rufi.

Mutum ɗaya ce ba ka taɓa fita da ita ba: Inna, matarka. Da ƙuruciya raino ya hana, da ka yi ritaya kuma ɓarin jikinta ya shanye, duniyarta ta koma ɗaki da tsakar gida. Duk ranar da muka dawo takan sa ka zauna ka ba ta labari, ba ta taɓa cewa a je da ita ba. Sai bana, muna zaune, ta ce, "Wai ruwan nan da kake ta faɗa, da gaske yake komawa ja da yamma, ko daɗin baki ne irin na direbobi?" Tun kana tuƙi kake ba ta labarin yadda kogi ke yi in rana za ta faɗi, idan aka hango shi daga kan gada. Ita ko sau ɗaya ba ta gani ba.

Na ga yadda fuskarka ta yi. Washegari muka fara gwaji. Hanyar ƙafa ta gadar tana da gangara mai tsauri da dakali mai tsayi, ka ce Inna ba za ta jure jijjiga ba. Muka yi ta komawa. Ka sa kafinta ya yanka katako na ɗorawa a dakalin. Ka gano ɓangaren da iska ba ta bugawa. Abin da ya rage shi ne saukowa, don hawa da sauƙi, saukowar ce ke kayar da mutum. A gaban Inna ka kama hannuna ka ce, "Ni zan riƙe lema, wannan ƙaton zai tura." Na ce na ɗauka.

Ranar Talatar nan na zo da keke da sassafe, na same ka zaune a ƙofar ɗaki. Ka ce, "Je ka kai kaɗai yau, na gaji." Kawu, dariya na yi. Na waiwaya na ce, "Wa kuma ake rufa wa asiri? Ba kowa a nan sai ni." Ka yi murmushi ka ɗaga mini hannu. Ka saba mana da gajiyar aro, har ranar da ta gaskiya ta zo ba mu gane ta ba. Da na sani da na ajiye keken na zauna kusa da kai, kamar yadda ka zauna kusa da kowa.

Yanzu tsofaffin nan suna biyowa ta shagona, su tsaya a bakin ƙofa kamar masu fankar gyara. Ɗaya ne ya daure ya ce, "To, watan gobe fa?" Na ci gaba da kwance fankar da ke gabana. Nakan wuce ta lambun nan in ga bencinka na gindin bishiya babu kowa.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka nema wa bayinsa inuwa da wurin zama, Allah ya zaunar da kai a inuwar da ba ta gushewa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanku da jikoki, da dukan tsofaffin da suka bi bayanka a hankali. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya na je gaishe da Inna. Ta dubi ƙujewar da ke goshina ta ce, "An ce ka faɗa lambatu." Na ce an yi haka. Ta ce, "To ka koya da kyau, ni ba na son lambatu."

Katakon yana shagona, Kawu. Na gano inda ake jan birki. Da zarar ta fita takaba zan tura ta har kan gadar, uwar 'ya'yana ta riƙe lema a madadinka, mu jira ruwan ya yi ja. Idan kuma a hanya na ji numfashinta ya canja, na san abin da zan dafe.