Ragon da Alƙali Ya Maido

Shekarar da maigidana ya rasu, ɗan baffansa ya kai ni ƙara kan gonarmu ta fadama, can gefen Gatawa. Wai aro ce baffan ya ba surukina. Gonar nan ita ce ci da suturar yarana. Idan ta tafi, sai dai in rarraba su gidajen dangi.

Tun ina yarinya nake jin yadda shari'a take. Kakata takan ce a zamaninsu ba a zuwa gaban alƙali hannu rabbana. Gaisuwa ake kiran abin, kuma wanda gaisuwarsa ta fi nauyi shi ke da gaskiya. Yanzu suna ne kawai ya canja, sai a ce goro ko kuɗin mai. Saboda haka yayana, sarkin gaggawa, bai ko shawarce ni ba ya ɗaure ragon da nake turkawa a bayan babur, ya nufi gidan alƙali.

Kafin la'asar sai ga shi ya dawo, rago na ta kuka a baya.

"Mi ya hwaru, Yaya?"

"Ko kallon shi bai yi ba. Cewa yay yi in maido maki abinki. Wancan ya riga mu, kuma ya hi mu hannu. Ki yi haƙuri."

A wurinmu, gaisuwar da aka maido ma'anarta ɗaya ce: an sami wadda ta fi ta. Mata suka dinga shigowa yi mini jaje kamar an yi sabuwar mutuwa. Na daina zuwa gonar. Har na fara tunanin wane yaro zai je gidan wa, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ranar kasuwar Sabon Birni wata maƙwabciyata ta faɗo gidan tana dariya har da riƙe ciki. Mijinta ya ga abokin shari'ata a kara yana neman mai sayen wani ƙosasshen sa, dillalai na ta yi masa tsiya. Shi ma an maido masa! Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Alƙalin da kansa ya zo gonar. Ya tara dattawan da suka ga lokacin da surukina ya sare daji ya yi gonar, ya ji ta bakin kowa, ya kuma tsananta tambaya. Da muka koma kotu ya ce gona ta marayu ce. Sannan ya dubi yayana da ɗan baffan maigidana.

"Ku ji tsoron Allah, ku biyu. Haƙƙin marayu kunka so ku saye da dabba?"

Yayana ya sunkuyar da kai kamar ya nutse.

Ban wuce gida ba. Na hau babur zuwa fadama, na tarar ciyawa ta kai mini gwiwa. Na cire takalmi, na duƙa da atamfata ta fita unguwa, na hau cira ina kuka ina dariya.