Disket Ɗin Firinta

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ban da ranar da na fara ɗora Linux a kan kwamfutar Daraktanmu. Ku da kuke sauko da tsari daga intanet kuna kurɓar shayi, in ya ƙi ku sake, ku gyara zama ku ji yadda muka yi namu.

A ƙarshen mulkin soja ne, cikin tsakiyar zafin bazara, irin zafin nan na Sakkwato da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Ina ƙaramin jami'in fasaha, mataki na bakwai, a wata ma'aikata da ba zan kira sunanta ba. Sunan dai jami'in fasaha ne, amma ko fanka ta tsaya ni Bello ake kira. Kwamfuta guda ɗaya tak gare mu, tana ofishin Darakta, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Darakta bai taɓa danna ko harafi ɗaya a kanta ba. Mai amfani da ita ita ce sakatariyarsa, Madam Saratu, 'yar kudancin Kaduna, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu a wani gidan haya a Gawon Nama. Ita ke buga masa jawabai da takardun ofis.

Kwamfutar ta kamu da cuta, irin wadda disket, ɗan faifan nan da ake zura wa kwamfuta, ke yawo da ita daga inji zuwa inji. Ana cikin aiki sai ta daskare. Ana haka Darakta ya je wani taron bita, inda wani malamin jami'a mazaunin Dundaye, Dakta muke ce masa, ya nuna musu Linux. Ya ce tsari ne na tafiyar da kwamfuta wanda ba a sayar da shi, kowa na iya kwafa ya ba wani, har ya gyara in ya iya. Irin waɗannan cututtukan ba su kama shi, kuma ana iya aika wasiƙa da shi ta layin tarho. Darakta ya dawo da abin a ransa. Sai kuma aka aiko cewa wani Laftanar-Kanar, shugaban kwamitin da ke zagaye yana ladabtar da ma'aikata, zai ziyarce mu ran Laraba da safe. Darakta ya ƙudurta sai ya nuna masa wasiƙar tarho.

Na yi kwanaki ina zuwa Dundaye bayan tashi daga aiki, Dakta yana koya mini. Injinmu ba ya karanta faifan CD, don haka ya kwafa mini abin da nake bukata a kan tarin disket, kowanne da aikinsa: na tayar da inji, na gindin tsarin, na layin tarho, na firinta mai buga takarda. Babu na banza ko ɗaya a ciki. Ya kuma ja mini kunne cewa faifan cikin injinmu ƙarami ne, ba zai ɗauki tsari biyu ba. Dole a share tsohon gaba ɗaya kafin sabon ya shiga, kuma abin da aka share ya tafi ke nan.

Ran Talata da hantsi na shiga ofishin da kwalina. Darakta ya jawo kujera ya zauna a bayana, har ina jin ƙamshin turarensa. Na tambaye shi kamar yadda aka koya mini: "Ranka shi daɗe, akwai abin da ake so a ajiye kafin in share?"

Ya ce, "Babu komi ciki. Jawabbaina duk an buga su, suna fayil. Share mu wuce wurin."

Da na bi maganarsa da shi ke nan. Amma ina da wata ɗabi'a, ba na share wuri ban leƙa ba. Na kira jerin abin da ke ciki. Can ƙasa, bayan jawaban Darakta, sai ga wani ɗaki na ajiyar rubutu mai suna SARATU, a cikinsa babi na ɗaya har zuwa na biyar. Na san Madam tana karatun digiri na ƙarshen mako, kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne a nan take rubuta kundin kammalawarta.

Na waiwaya. Tana tsaye a bakin ƙofa da fayil a hannu, idonta a kan fuskar kwamfutar. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu haka yana tsaye ba. Na yi maza na kawar da jerin daga fuskar kwamfutar. Allah ya taimake mu tabaran Darakta na kan teburinsa.

Sai kun san zamanin za ku gane abin da ya ɗaure mata baki. Mako biyu kafin nan, kwamitin Kanar ɗin nan ya kori wani direbanmu saboda ya ɗauko dawa daga gonarsa da motar ofis. Ba takardar tuhuma, ba sauraron bahasi, a rediyo iyalinsa suka ji. Amfani da kayan gwamnati don aikin kai shi ne laifin da suka fi farauta. In Madam ta buɗe baki, aikinta ya tafi, kuma Darakta ba mutumin da zai rufa wa wani asiri ba ne in nasa wuyan na kusa da igiya. In ta yi shiru, wahalar shekara biyu ta tafi a dannawa ɗaya, kuma da yatsana.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ko za a ba ni sabon disket guda daga sito, saboda tsaro?"

Ya ce, "Na mi? Na ce maka babu komi ciki. Wanga abu yau nika son shi ƙare, kahin a kashe janareta. Gobe da sahe Kanar na tahe."

Disket a sito sai da sa hannun Darakta, kuma sai an rubuta dalili. Wannan ƙofa ta rufe. Sai na koma jan lokaci. Na kwance murfin injin na hura ƙura, na ciro waya na mayar, na ce ina duba layin tarho. Gumi ya jiƙa mini riga har gadon baya. Shi kuwa yana ta kaɗa ƙafa, jim kaɗan ya ce, "Bello, mi kaka jira?" Wallahi na ji haushin mutumin nan ranar, kamar in ce masa ya zo ya yi da kansa.

Kiran sallar azahar ne ya cece ni. Darakta ya shiga banɗakinsa yin alwala, ya bar ni da Madam. Ta matso, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Malam Bello, ka share kawai. Ina da yara."

Na ce, "Ba ki da kwafi a wani wuri?"

Ta ce, "Ina da shi a disket, zafi ya kashe shi a jaka. Gyaran da malamina ya yi mini duk a nan na shigar. Wata mai zuwa zan miƙa." Ta ƙara da cewa, "Ka share. Kada ka sa kanka a ciki."

Na dubi kwalina. Ba ni da disket na banza, amma ina da waɗanda ke cike. Na tayar da inji da na gindin tsari ba su taɓuwa. Na layin tarho shi ne ran Darakta. Saura na firinta. Na yi lissafi a raina: Kanar sai gobe, in an tashi yau sai in hau babur in je Dundaye Dakta ya sake kwafa mini, da sassafe in ɗora, ba wanda zai sani. Na zaro shi, na tura ɗan makullin da ke kusurwarsa wanda ke hana a yi rubutu a kai, na ajiye mata a gefen kibod, allon haruffan kwamfutar.

Na ce, "Ki goge shi, ki kwashe kayanki. Kafin mu dawo."

Ta ce, "Ba na aikinka ba ne?"

Na ce, "Ana samun wani."

Darakta ya fito yana gyara hannun riga, ya ce in tashi mu tai masallaci. Ofis duka ya watse zuwa salla, aka bar Madam ita kaɗai kamar kullum, tunda ita Kirista ce. Allah ya yafe mini, sallar nan jikina ne kawai ya yi ta. Ina ruku'u ina tunanin in injin ya daskare mata fa, in wani masinja ya leƙo fa. Liman kuwa ranar kamar an ce masa ya yi sauri.

Da muka dawo tana kan tafiretarta a ofishin waje, tana bugu, ba ta ɗago kai ba. Disket ɗin ba ya kan tebur. Ko ta gama, ko kwafin ya yi kyau, ban sani ba, kuma ba halin tambaya. Darakta ya zauna a bayana, wannan karon da tabaransa. Na tayar da injin da disket na farko, na shiga wurin da ake yanka faifai, na goge tsohon rabon faifan na tsara sabo. A wannan matakin komai na nan tukuna, sai ka danna harafi ɗaya sannan ya tabbata. Na ɗora yatsana a kansa. Na saurara ko zan ji tafiretar ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Na yi bismilla na danna.

Daga nan aiki ne na haƙuri: sa wannan, jira, cire, sa wancan. Da injin ya tambayi na firinta na ce masa ya tsallake. Na ba shi kalmar sirri ta babban mai iko da tsarin, na buɗe wa Madam nata ɗakin, na saita lambar tarho. Bayan la'asar injin ya buga waya, ya yi ƙugin nan nasa, wasiƙarmu ta gwaji ta tafi wurin Dakta. Darakta har da tafa mini kafaɗa.

Ina haɗa kayana sai muka ji jiniya a bakin get.

Haka sojojin nan suke yi, su ce gobe su zo yau, don su kama wanda ya sulale gida. Kanar ya shigo da sanda a hammata, kurtu biyu na bin sa. Darakta ya yaye baki yana bayani, ya nuna masa amsar da Dakta ya aiko. Kanar ya duƙa ya karanta, ya gyaɗa kai. Har na fara sakin numfashi. Sai ya nuna firinta da sandarsa, ya ce a buga masa takardar zai tafi da ita.

Na ce, "Yallaɓai, firinta ba za ta yi ba sai gobe. Disket ɗinta ba ya nan."

Kanar ya tambayi inda yake. Na ce sakacina ne. Darakta bai ɓata lokaci ba, ya ce shi ma tun safe yake fama da yaron nan, wasa ya yi masa yawa. Yaron nan fa, ni, da matata da 'ya'yana biyu. Kanar ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa kuratansa su fita da ni in motsa jini.

Tsallen kwaɗo suka sa ni, hannu riƙe da kunne, daga bakin get zuwa gindin dalbejiya in dawo, a kan tsakuwa mai zafi, ma'aikata na leƙe ta taga. Hulata ta faɗi, wani kurtu ya take ta. Kunyar ta fi mini zafin ciwo. A zagaye na ban san nawa ba na hango Madam ta fito baranda, ta nufi inda Kanar yake tsaye, bakinta a buɗe. Na san abin da za ta faɗa. Ina tsugune na kafe ta da ido na girgiza kai da ƙarfi, har kurtun ya ɗauka taurin kai nake yi ya ƙara mini. Ta tsaya. Ta juya ta koma ciki, hannunta a kan baki.

Da magariba na ja ƙafa na je Dundaye, gwiwoyina kamar ba nawa ba. Kafin matar Dakta ta kawo ruwa ya gama kwafa mini wani disket ɗin. Ya miƙo mini, ya ce, "A kan wannan aka yi maka haka?" Washegari na ɗora shi, firinta ta buga, Darakta ya ba ni takardar tuhuma, ta kuma ja mini jinkirin ƙarin girma.

Madam ba ta ce mini komai ba a ofis, don ba wurin faɗa. Sai ran Asabar na ji sallama a ƙofar gidana. Ita ce, ta zo a ƙafa cikin rana. Ta ce ta kai disket ɗin wani shagon buga takardu. Babi huɗu sun buɗe lafiya. Na biyar injin ya daskare tana cikin kwashe shi, ta ji muryoyinmu muna dawowa, sai ta zare.

Na ce, "To da kika ji zan share, me ya hana ki tsayar da tafireta in gane?"

Ta ce, "Da na tsayar, da ka sake neman wata dabara. Na ga abin da ka riga ka ɗauka ya isa." Ta ce na biyar ɗin za ta sake rubutawa, yana kanta. Daga nan ta fashe da kuka a zaurena, ni ma na rasa inda zan sa idona.

To ku ji abin da na koya, ku da ake ba ku injin mutane kullum. Tsarin da kuke ɗorawa, komai kyansa, ana samun wani, don haka ma aka yi shi kyauta. Abin da mutum ya zauna ya rubuta da hannunsa ba ya da wani a ko'ina. Kafin ku share, kada ku tsaya ga amsar mai injin. Ku nemi wanda ke zama a gabansa, ku ja shi gefe inda babba ba ya ji, sannan ku tambaya. Mai abin hasara a ciki sau da yawa shi ne wanda ba shi da bakin magana a ɗakin.